Lamba 33,550,336: me ya sa ake ce mata cikakkiya, kuma a waɗanne rukunoni take?

Wani malamin lissafi da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato ya aiko da tambaya. Ɗalibansa sun ci karo da lamba 33,550,336 a wani littafi, inda aka ce ita ce cikakkiyar lamba ta biyar (wato lambar da idan aka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, sai a koma kanta daidai), bayan 6 da 28 da 496 da 8,128. Yana son sanin yadda ake gane halayen babbar lamba irin wannan ba tare da an jingina da kwamfuta ba, da rukunonin da take shiga, da dalilin wannan dogon tsalle daga dubu takwas zuwa sama da miliyan talatin da uku. Ya ƙara da cewa wani ɗalibi ya tambaye shi ko akwai wani asiri a cikinta.

Malam, Allah ya ƙara basira, ya kuma yi wa ɗalibanka albarka. Lambar da suka tsinto tana cikin waɗanda suka fi dacewa a koyar da wannan fanni da su, domin tana da girman da zai ba yaro tsoro, amma alli da allo sun isa a warware ta gaba ɗaya. A karance ita ce miliyan talatin da uku, da dubu ɗari biyar da hamsin, da ɗari uku da talatin da shida. Wanda zai ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, lamba guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 388 da sa'o'i bakwai da ɗoriya kafin ya gama. Sai dai girman ba ya gaya mana komai game da halinta. Abin da nake so ɗalibai su riƙe tun farko shi ne cewa halin lamba yana cikin abin da ke raba ta, saboda haka duk wani rukuni na gaske da za a sa ta a ciki yana fitowa ne daga lambobin firam da aka ninka aka same ta, wato lambobin da babu mai raba su ba saura sai 1 da su kansu, irin su 2 da 3 da 5 da 7 da 11.

Aikin farko shi ne gwaje-gwajen da ake yi da ido. Alƙalaminta na ƙarshe 6 ne, don haka cika ce, ba mara ba, kuma 5 ba ta raba ta. Jimlar alƙalumanta 28 ce, kuma tun da 3 ba ta raba 28, to ba ta raba lambar. Alƙaluma uku na ƙarshe, 336, suna rabuwa da 8, wanda ke nuna cewa akwai 2 fiye da ɗaya a cikinta. Abin da ya rage sai a yi ta raba ta biyu har a ga inda za ta tsaya:

33,550,336, sai 16,775,168, sai 8,387,584, sai 4,193,792, sai 2,096,896, sai 1,048,448, sai 524,224, sai 262,112, sai 131,056, sai 65,528, sai 32,764, sai 16,382, sai 8,191.

An raba sau 12 kafin a iske lamba mara. Ke nan 33,550,336 daidai take da 4,096 sau 8,191, inda 4,096 ita ce 2¹², wato biyu guda goma sha biyu da aka ninka da juna. Ɗalibi mai lura zai ga cewa 8,191 saura ɗaya ta kai 8,192, wadda ita ce 2¹³. Wannan kusanci shi ne mabuɗin labarin duka, amma kafin a kai gare shi dole a tabbatar ko 8,191 tana ƙara rabuwa.

A nan ne yawancin ɗalibai ke karaya, domin suna zaton sai an gwada lambobi dubu takwas. Ba haka ba ne. Idan lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin biyun ya kasance bai wuce saiwarta ba, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ita. Tun da 90 sau 90 ya ba da 8,100, kuma 91 sau 91 ya ba da 8,281, to lambobin firam da ba su wuce 90 ba kaɗai za a gwada, kuma su 24 ne, daga 2 zuwa 89. Aji ɗaya zai iya raba wannan aiki ya gama cikin darasi guda. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan gajarta, wadda masanin lissafi Bafaranshe Pierre de Fermat ya bayyana a shekarar 1640: idan p lambar firam ce mara, to duk lambar firam da za ta raba 2ᵖ − 1 dole ta zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya. A wurinmu p ita ce 13, don haka sai ninkin 26 da ƙarin ɗaya: 27, 53, 79, sannan 105 wadda ta riga ta wuce iyaka. Ita 27 ba firam ba ce, saura biyu ke nan. Idan aka raba 8,191 da 53 za a sami 154 da saura 29, idan aka raba ta da 79 za a sami 103 da saura 54. Rabawa biyu kacal, an tabbatar 8,191 firam ce. Ina ba da shawara a bar ɗalibai su fara shan wahalar gwaji 24 tukuna, sannan a nuna musu ta Fermat, domin wanda bai ɗanɗana doguwar hanya ba ba zai san darajar ƙa'ida ba.

Yanzu mun san lambar ciki da waje: 2 guda goma sha biyu, da 8,191 guda ɗaya. Ba firam ba ce, haɗaɗɗiya ce, kuma nau'in firam biyu ne kawai a jikinta. Daga wannan ake ƙirga sassanta, wato lambobin da ke raba ta ba saura. Kowane sashe yana iya ɗaukar 2 daga babu ko ɗaya har zuwa guda 12, hanyoyi 13 ke nan, kuma yana iya ɗaukar 8,191 ko ya bar ta, hanyoyi 2. Sai 13 sau 2 ya ba da sassa 26, idan an haɗa da 1 da ita kanta lambar.

Malaman hisabi na da, Girkawa da Larabawa, sun kasa lambobi gida uku ta hanyar tara sassan lamba ban da ita kanta. Mu nan Sakkwato wannan tunani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci rabon gado, domin asalin mas'ala a fara'ili yana yawan komawa ga 6 ko 12 ko 24. Ɗauki 6: rabinta 3, sulusinta 2, sudusinta 1, kuma idan aka tara su sai a koma 6 cif. Wannan shi ne abin da ke faruwa a mas'alar da mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa biyu da suka haɗa uwa kaɗai, inda miji ke da rabi, uwa sudusi, 'yan'uwan sulusi, dukiya ta ƙare babu ragi babu ƙari. Lambar da sassanta suka cike ta haka ita ce cikakkiya, wadda littattafan Larabci ke kira tammi. Idan jimlar ta zarce lambar, kamar 12 da sassanta 1, 2, 3, 4 da 6 suka ba da 16, mai rara ce, wato za'idi. Idan jimlar ta gaza, kamar 8 da sassanta 1, 2 da 4 suka tsaya a 7, mai giɓi ce, wato naƙisi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lambobi masu rara ne, kusan duk sauran masu giɓi ne, cikakku kuwa ƙalilan ne ƙwarai.

Tara sassa 25 na lambarmu ba ya buƙatar dogon lissafi, kuma yadda jimlar ke fitowa shi ne ya fi jimlar kanta muhimmanci. Rukunin farko shi ne 1, 2, 4, 8, har zuwa 4,096. Irin wannan jeri na ruɓanyawa kullum jimlarsa ita ce lamba ta gaba a jerin ban da ɗaya, don haka ya ba da 8,191. Rukuni na biyu shi ne 8,191 sau 1, sau 2, sau 4, har zuwa sau 2,048, wato lambobin nan da muka gani lokacin da muke raba ta biyu. Jimlar 1 zuwa 2,048 a wannan jeri 4,095 ce, saboda haka rukuni na biyu ya ba da 8,191 har sau 4,095, wato 33,542,145. Ana neman 8,191 sau 4,096, an sami sau 4,095, saura guda ɗaya tak, kuma rukunin farko ya kawo wannan guda ɗayan daidai. Jimla 33,550,336. A ganina wannan shi ne wurin da ya kamata malami ya tsaya ya bar aji ya yi shiru ya duba, domin duk dalilin cikar lambar yana cikin wannan layi: ƙananan sassan sun taru sun zama daidai da abu guda da manyan suka rasa.

Wani abin da ke biyo bayan wannan kai tsaye shi ne, idan aka juya sassa 26 ɗin aka tara, wato 1 da ½ da ¼ har zuwa ɗaya bisa 33,550,336, jimlar 2 ce daidai. Haka kowace cikakkiyar lamba take.

Domin ɗalibai su ga cewa girma ba shi ke yanke hukunci ba, a nuna musu maƙwabtanta biyu. Wadda ke ƙasa da ita, 33,550,335, daidai take da 4,095 sau 8,193, kuma idan aka warware ta za a sami 3 sau 3 sau 3 sau 5 sau 7 sau 13 sau 2,731. Tana da sassa 64, kuma jimlarsu ban da ita kanta 39,885,825 ce, wato mai rara ce, duk da cewa mara ce. Wannan ba ya yawan faruwa a lambobi mara, domin mafi ƙanƙanta a cikinsu mai rara ita ce 945. Wadda ke sama da ita kuwa, 33,550,337, firam ce, ba ta da wani sashe ban da 1, don haka babu lambar da za ta fi ta giɓi a wannan girma. Lambobi uku a jere, bambancinsu ɗaya ɗaya, amma ta farko mai rara, ta tsakiya cikakkiya, ta ƙarshe mai giɓi.

Sai batun tsalle daga 8,128. Uƙlidis, wanda ya yi zamani a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da ƙa'idar da muka yi aiki da ita a sama: a tara 1, 2, 4, 8 a jere, duk inda jimlar ta zama firam, a ninka ta da lambar ƙarshe da aka tara, abin da ya fito cikakkiyar lamba ce. Jimla 3 sau 2 ta ba da 6, jimla 7 sau 4 ta ba da 28, jimla 31 sau 16 ta ba da 496, jimla 127 sau 64 ta ba da 8,128. Waɗannan jimloli su ne 2² − 1 da 2³ − 1 da 2⁵ − 1 da 2⁷ − 1. Ƙaramar lambar da ke sama dole ta zama firam, in ba haka ba jimlar za ta rabu, shi ya sa ake tsallake 4 da 6 da 8 da 9 da 10. Ta gaba ita ce 11, kuma a nan tarkon yake, domin 2¹¹ − 1, wato 2,047, ta yi kama da firam amma 23 sau 89 ce. Ka lura cewa 23 da 89 duka ninkin 22 ne da ƙarin ɗaya, kamar yadda ƙa'idar Fermat ta ce. Wanda bai bincika ba zai ninka 2,047 da 1,024 ya sami 2,096,128 ya ce ya gano ta biyar, alhali sassan wannan lamba sun kai 2,325,392, mai rara ce. Da 11 ta faɗi sai aka wuce zuwa 13, kuma duk ƙarin ɗaya a wannan ƙaramar lamba yana ninka sakamakon kusan sau huɗu. Daga 7 zuwa 13 matakai shida ne, huɗu guda shida da aka ninka da juna kuwa 4,096 ne, abin da ya sa ta biyar ta ninka ta huɗu fiye da sau dubu huɗu.

Wannan tsalle ya daɗe yana ruɗar mutane. Nikomakus, masanin da ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya, huɗu na farko ya sani, ya kuma lura cewa ɗaya tana cikin ɗai-ɗai, ɗaya cikin gomomi, ɗaya cikin ɗaruruwa, ɗaya cikin dubbai, kuma ƙarshensu yana karɓa-karɓa tsakanin 6 da 8. Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki wannan a matsayin doka har tsawon ƙarnoni. Lambarmu ta rushe zato na farko, domin alƙalumanta takwas ne ba biyar ba, ta shida kuma, 8,589,869,056, ta rushe na biyu, domin ita ma da 6 ta ƙare. Abin da ya tabbata shi ne duk cikakkiyar lamba cika tana ƙarewa da 6 ko da 28, ba tare da karɓa-karɓa ba. Misalai huɗu da suka dace da juna ba hujja ba ne, kuma da wuya a sami labarin da ya fi wannan koya wa ɗalibi bambancin lura da tabbatarwa.

Sabit bn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fassara aikin Nikomakus zuwa Larabci, ya kuma kawo ƙa'idarsa ta lambobi masu ƙaunar juna irin 220 da 284, waɗanda sassan kowace ke ba da ɗayar. Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa hanyar Uƙlidis ita kaɗai ce ke fitar da cikakkun lambobi cika. A ƙarni na 13 Isma'il bn Fallus ya rubuta jerin da ya ƙunshi 33,550,336 tare da ta shida da ta bakwai, ko da yake jerin nasa ya haɗa da wasu lambobin da ba cikakku ba. A Turai lambar ta bayyana a wani rubutun hannu na tsakiyar ƙarni na 15, sannan a 1588 Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da ta shida da ta bakwai ta hanyar rabawa da hannu. Leonhard Euler, wanda ya rasu a 1783, shi ne ya kammala abin da Ibnul Haisam ya fara, ya nuna cewa babu wata cikakkiyar lamba cika da ke wajen tsarin Uƙlidis, kuma ba a buga hujjar tasa ba sai a 1849. Wannan hujja ce ke ba mu ikon cewa babu wata cikakkiya cika da ta ɓuya tsakanin 8,128 da 33,550,336. Lambobin firam masu siffar 2ᵖ − 1, irin 8,191, ana danganta su ga Marin Mersenne, wanda ya wallafa jerinsu a 1644.

Sauran rukunonin duka daga 4,096 sau 8,191 suke fitowa. Idan aka jera buhunan albasa kamar yadda ake yi a kasuwa, ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, uku a ƙarƙashin waɗannan, jimlar kowane tsibi ita ake kira lambar alwatika: 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28. Tsibi mai layi n yana da rabin n sau n + 1. Rabin 8,191 sau 8,192 kuwa shi ne lambarmu, wato idan aka tara 1 da 2 da 3 har zuwa 8,191 ita za a samu. Haka nan tana cikin lambobin siffa mai kusurwa shida, waɗanda tsarinsu n sau 2n − 1 ne, ita ce ta 4,096 a jerinsu. Wanda ya fi burge ɗalibai shi ne na muka'abi, wato lamba sau kanta sau kanta: 28 ita ce 1 da 27, 496 ita ce 1 da 27 da 125 da 343, ita kuma 33,550,336 ita ce jimlar muka'aban lambobi mara 64 na farko, daga 1³ da 3³ har zuwa 127³.

Ta fuskar murabba'i kuwa, wato lamba sau kanta, lambar tana da taurin kai, kuma wannan ɓangare ya cancanci a daɗe a kansa. Ita kanta ba murabba'i ba ce, domin 8,191 sau ɗaya ta shigo cikinta, kuma a murabba'i kowace firam tana zuwa ne bibbiyu. Tana tsakanin 5,792², wato 33,547,264, da 5,793², wato 33,558,849. Ba za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ba, saboda 8,191 tana barin saura 3 idan aka raba ta da 4, kuma irin wannan firam idan ta zo ita kaɗai tana toshe wannan hanya. Murabba'i uku ma ba su isa ba. Masanin lissafi Bafaranshe Legendre ya nuna a ƙarshen ƙarni na 18 cewa lambobin da ke gagarar murabba'i uku su ne waɗanda idan aka yi ta raba su da 4 har suka tsaya, abin da ya rage yana barin saura 7 idan aka raba shi da 8. Lambarmu tana rabuwa da 4 sau shida ta tsaya a 8,191, wadda ita ce 8 sau 1,023 da saura 7. Sai an kai huɗu, adadin da wani masanin, Lagrange, ya tabbatar a 1770 cewa ya wadaci kowace lamba. Ga yadda ake samun su: 8,191 ita ce 90² da 9² da 3² da 1², sai a ninka kowace da 64, a sami 5,760² da 576² da 192² da 64², waɗanda jimlarsu 33,550,336 ce.

Akwai kuma wani hali mai amfani da ake kira sauƙin kasawa: duk wata lamba da ba ta kai ta ba ana iya haɗa ta daga sassanta ba tare da an maimaita sashe ba. Ɗauki miliyan ɗaya. Akwai 8,191 sau 122 a cikinta da saura 698. Sassa 524,224 da 262,112 da 131,056 da 65,528 da 16,382 sun ba da 999,302, sannan 512 da 128 da 32 da 16 da 8 da 2 sun cike 698 ɗin.

Dole a rarrabe wa ɗalibai waɗannan halaye da wasu da suke gani a intanet, irin su ko lamba tana karantuwa daidai ta gaba da ta baya, ko jimlar alƙalumanta kaza ce. Waɗannan halayen rubutu ne, sun dogara ga cewa muna ƙirga da goma goma. Jimlar alƙaluman lambarmu 28 ce, wadda ita ma cikakkiya ce, amma wannan dace ne kawai, domin jimlar alƙaluman 496 da ta 8,128 duka 19 ne. Abin da yake na gaske a nan shi ne idan aka ci gaba da tarawa, 2 da 8 su ba da 10, 1 da 0 su ba da 1, kuma wannan yana nufin lambar tana barin saura 1 idan aka raba ta da 9, hali ne na duk cikakkiyar lamba cika ban da 6. Idan kuma aka rubuta ta da ƙirgar biyu biyu da kwamfuta ke aiki da ita, sai tsarinta ya fito fili: 1 guda goma sha uku a jere, sannan 0 guda goma sha biyu.

Game da asiri, amsar ita ce babu. Gaskiya ne cewa mutanen da, a ƙasashe da yawa, sun jingina wa lambobi irin 6 da 28 da 220 da 284 wasu ma'anoni na ɓoye, amma lissafi bai san da wannan ba. Cikar lamba suna ne na wata alaƙa tsakaninta da sassanta, kuma kowane mataki nata mun bi shi a sarari, duk mai alli zai iya maimaita shi ya sami abin da muka samu. Ina ganin yana da muhimmanci a faɗa wa yaron haka kai tsaye, cikin mutunci, a kuma nuna masa cewa abin mamakin da ya hango yana nan, sai dai a cikin hujja yake.

Abin da har yau ya gagari masana shi ne tambayoyi biyu. Ba a tabbatar ko cikakkun lambobi suna da iyaka ba, kuma ba a tabbatar ko akwai cikakkiya mara ba. An nuna a 2012 cewa idan akwai mara to ta wuce 1 mai sifiri 1,500 a bayansa, wanda ya isa ya tabbatar mana cewa lambarmu ita ce ta biyar a cikin cikakku duka, cika da mara. Binciken cika kuwa ya koma neman firam irin na Mersenne, kuma ana gwada su da hanyar Lucas da Lehmer: a fara da 4, a ninka lamba da kanta a cire 2, a riƙe sauran da ya rage bayan rabawa da lambar da ake gwadawa, a maimaita sau p − 2. Ga 8,191 jerin shi ne 4, 14, 194, 4,870, 3,953, 5,970, 1,857, 36, 1,294, 3,470, 128, sai 0, kuma wannan sifiri a mataki na 11 shi ne shaidar firam. Da irin wannan gwaji, a cikin aikin sa-kai na kwamfutoci da ake kira GIMPS wanda ya fara a 1996, aka gano ta 52 a watan Oktoba na 2024, wato 2 mai ƙaramar lamba 136,279,841 a sama ban da ɗaya, firam mai alƙaluma 41,024,320. Su kansu cikakkun lambobi ba su da wani aiki na yau da kullum da zan nuna maka, amma ilimin warware lamba zuwa firam shi ne ginshiƙin tsarin RSA na 1977, wanda ake tsare saƙonni da hada-hadar banki da shi a intanet.

Idan ɗalibanka sun gama da wannan, Malam, ka ba su ta shida, 8,589,869,056. Za su raba ta biyu sau 16 su iske 131,071, wadda ita ce 2¹⁷ − 1. Saiwarta ta ɗan wuce 362, kuma ninkin 34 da ƙarin ɗaya da ba su kai nan ba guda goma ne, daga 35 zuwa 341, huɗu kaɗai daga cikinsu ne firam: 103 da 137 da 239 da 307. Saurar da ya kamata su samu bayan rabawa ita ce 55 da 99 da 99 da 289 a jere, sannan su ƙirga sassanta, su tabbatar 34 ne.